Taki ne, ko damshin kwari?

Manomi ya zuba takin zamani a gonarsa ta kwari, ta tudu kuwa ya bar ta haka nan. Da kaka ta yi, masarar kwari ta yi goyo biyu-biyu, ta tudu ta tsumbure. Sai ya ce aikin taki ne. Wataƙila. Amma kwari ya fi riƙe ruwa, kuma can shanu suka yi ta kwana da rani. Shi ya sa malamin gona kan raba gona guda gida biyu: iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya, taki kaɗai ya bambanta su.

Wannan ita ce wahalar masu nazarin siyasa, sai dai su ba a raba musu ƙasa gida biyu. A 1978 Gary Jacobson ya duba zaɓukan majalisar wakilan Amurka, ya ga abin mamaki: ɗan majalisa mai ci da ya fi kashe kuɗin kamfe, shi ya fi samun ƙarancin ƙuri'a. Mai gaggawa sai ya ce kuɗi na kayar da mutum. Ina! Ruwa ba ya tsami banza. Wanda kujerarsa ke rawa, wanda ya ga abokin hamayya mai ƙarfi, shi ke buɗe bakin aljihu. Barazanar ce ta haifi kashe kuɗin, ita ce kuma ta cinye ƙuri'un. Sai an kwatanta 'yan takarar da ke fuskantar hamayya iri ɗaya kafin a san abin da kuɗi suka yi da kansu.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta Leonard Wantchekon a Jamhuriyar Benin. A zaɓen shugaban ƙasa na 2001 ya shawo kan 'yan takara na gaske, aka bar ƙuri'ar sa'a ta zaɓi ƙauyukan da za a yi wa alkawarin amfanin yankinsu, da waɗanda za a yi wa maganar ƙasa baki ɗaya, wasu kuma aka bar su da kamfen da aka saba. Tun da sa'a ce ta raba, ba wanda zai ce an ɗauko ƙauyukan da dama can suna goyon baya. Alkawarin yanki ne ya fi kawo ƙuri'a, abin da ba ya mini daɗi, amma na yarda da shi saboda yadda aka gano shi. Mata kuma, in ji binciken, sun fi maza sauraron maganar amfanin kowa.