KOYI NE KO SATA?

Mai karatu, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai shin in mutum ya ɗauki salon wani ya yi amfani da shi, koyi ya yi ko sata?

Dubi masu koyon jita a Amurka, 'yan kiɗan buluz da rok da fonk. Yaro zai zauna gaban faifai yana maimaita ɗan guntun kiɗa guda, ya mayar ya sake, har yatsunsa su yi kanta. Da irin waɗannan guntayen kowane gwani ya fara, babu wanda ya faɗo daga sama.

Shi kansa B.B. King, wanda ya rasu a 2015, ya so ya kwaikwayi ɗan'uwansa Bukka White, mai goga ƙarfe a kan tsirkiya. Abin ya ƙi masa. Sai ya koma karkaɗa yatsa a kan tsirkiyar har sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai kuka, wannan kuwa shi ya zama tambarinsa. Bai taɓa ɓoye inda ya samo ba. Haka Jimmy Nolen, makaɗin James Brown tun 1965, yakan danne tsirkiyoyi ya saki nan take, ɗaya hannun na karta da sauri, abin da suke kira tonon kaza. Duk ɗan fonk na bayansa ya sha daga nan, kuma ba a ce da kowa ɓarawo ba.

To ina satar take? A 1969 ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta fitar da "Whole Lotta Love", alhali wasu baitocinta daga waƙar Willie Dixon suke, ba su kuwa sa sunansa ba. Sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta, daga baya sunansa ya hau faifan. Ni a ganina ɗaukar ba ita ce laifin ba, shirun ne. Sun ci riba, mai abu yana gefe.

Wani zai ce ai guntun kiɗa ba shi da mai shi, kowa a wurin wani ya ji. Haka ne, shi ya sa ba na cewa a biya kuɗi kan kowane motsin yatsa. Amma fa ambaton suna ba ya cin ko kwabo, yaba kyauta tukwici.

Abu biyu nake nema ga mai koyo, ko jita ce ko ɗinki ko rubutu. Ya faɗi malaminsa, sannan ya ƙara nasa a kai. Wanda ya tsaya kan kwaikwayo kawai zai shekara ashirin yana kiɗa, masu sauraro kuwa wani suke ji ba shi ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.