Kason Baba Soja

A zamanin mulkin Faransa, in an zo ɗaukar soja a ƙasar Adar, sarki ake gaya wa yawan samarin da ake so, shi kuma ya raba wa masu gari. Haka aka ɗauki wani saurayi daga Tabotaki, wanda iyakar tafiyarsa kasuwar Buza, aka kai shi bakin teku, jirgin ruwa ya sauke shi a Indoshin. Yana can har Faransa ta sha kashi a Diyen Biyen Fu a 1954. Daga nan aka tura su Aljeriya, inda harsashi ya same shi a cinya. Ya dawo gida yana ɗingishi dab da samun 'yancin kai a 1960. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, yaro da babba Baba Soja suke cewa.

Ba ya son labarin yaƙi. In samari suka matsa masa, sai ya ba su labarin burodi. Ya ce in abinci ya yanke musu a rami, burodi guda ya rage wa mutum shida, ba a gardama: wanda ya riƙe wuƙa ya yanka, shi ke ɗaukar na ƙarshe. Wanda ya san abin da aka bari shi ne nasa, hannunsa ba ya karkacewa. Samarin su yi dariya, su harbi suke so su ji.

Ana biyansa fanshon rauni, amma a ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da kuɗin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana hawa, nasa yana nan inda aka bar shi. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma ya san zalunci ne. Ya kan ce Faransawa ma sun yanka, amma sun riga kowa ɗauka.

Sai ga 1984. Damina ta ƙi, Nijeriya a ƙarƙashin Buhari ta rufe iyaka, shi ya sa har yau ake kiran yunwar El-Buhari. Maza suka watse biɗa, a ƙasar Keita mata suka shiga ɗaukar duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa ana biyansu da abinci. Ƙanen Baba Soja ya rasu ya bar mata da 'ya'ya uku, ya kwaso su ya haɗa da nasa. Ɗan abin da ya karɓo na fansho ya zuba shi kaf a hatsi. Kullum da safe shi ke auna tiya ya ba matarsa, in an dama fura shi ke riƙe ludayi. Autan marayun ke fara sha, a bi sama-sama har a zo kansa, wani lokaci abin da ke isowa gare shi ruwan ɗauraye ƙwarya ne.

Babban ɗansa, wanda ya fara zama saurayi, ya kasa haƙuri.

"Baba, kuɗin jininka ne fa. Kai ne mai gida, don me za ka sha saura?"

"Wa ke riƙe da ludayin?"

"Kai ne."

"To, ka ba kanka amsa."

Ba wanda aka binne a gidan a wannan shekara. Shi dai ya rame har wandonsa na soja sai da igiya.

Sai a 2007 aka daidaita fanshon rauni da na Faransawa, lokacin da yawancin masu shi sun riga mu gidan gaskiya. Bai daɗe yana cin nasa ba, shi ma Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Malam ya fitar da lissafi: tumuni na uwar gida, namiji rabon mace biyu. Lissafi kuwa ba ya faɗin inda kason kowa zai faɗa, gonar kuma biyu ce a haɗe: ƙasa fadama mai rijiya inda albasa ke yi, sama fako mai tsakuwa. Babban ɗan, wanda ya dawo daga Abijan saboda rasuwar, ya ɗauki igiya, autan marayun nan, yanzu magidanci, ya riƙe masa ɗaya bakin. Ya auna yadda rijiya da rabin fadama suka faɗa kaso guda, ya ce tunda shi ne babba, shi zai fara zaɓa. Ƙannensa suka sunkuyar da kai, ba mai iya musu da yaya a gaban mutane.

Da labari ya kai cikin gida, tsohuwar ta aiko jikanta da tambaya ɗaya: Inna ta ce wa ya riƙe igiyar?

Ya daɗe tsaye a rana bai ce uffan ba. Sannan ya tuge turakun da ya kafa, ya sake awo daga fadama zuwa tudu, yadda kowane kaso zai taɓa laima ya taɓa tsakuwa. Ya kira autarsu.

"Zo ki zaɓa."

"Yaya, ni kuwa? Gabanka?"

"Ke za ki fara."

Aka bi sama-sama har aka zo kansa. Abin da ya rage masa shi ne na gefe, wanda kwazazzabo ya ci bakinsa. Bai koma Abijan a wannan rani ba. Ya yi aron amalanken jaki, ya yi ta jido duwatsu yana jerawa a bakin kwazazzabon kafin ruwa ya sauka.