Tsakanin Bikin Alfahari Da Tonon Asiri

 

Kowace shekara idan watan Yuni ya kama, dubban mutane sukan cika titunan birnin New York na Amurka da tutoci masu launin bakan gizo, suna bikin da suke kira na alfahari, watau bikin masu neman jinsinsu, maza da mata. Asalinsa wani samame ne da 'yan sanda suka kai wata mashaya mai suna Stonewall a 1969, aka yi tarzoma, sa'an nan a 1970 aka yi jerin gwano na farko. Daga nan abin ya bazu zuwa birane da yawa.

Hukuncin aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. Mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcinsa, kuma bayyana saɓo a fili, abin da malamai ke kira mujahara, laifi ne a kan laifi. Amma mutanen New York ba sa karanta wannan fili, mu ne muke karantawa. Saboda haka tambayar tamu ce: me shari'a ta halatta mana a kan wanda ake zargi?

A watan Afrilu na 2017 an kama mutum 53 a nan Zariya, aka ce sun halarci ɗaurin auren jinsi. Sun musa a gaban kotu, aka ba da belinsu. To, amma kafin alƙali ya buɗe baki, majalisun shayi daga Jushi har Samaru sun riga sun yanke hukunci. A Bauchi ma, a Janairun 2014, jama'a sun yi ta jifar wata kotun shari'a da duwatsu suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Wanda ya jefi kotun shari'a da sunan kishin shari'a, wa ya jefa?

Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mugun zato, ta hana tajassusi. Ɗalibaina sun san wannan kalma tushenta ɗaya da jasusi, ɗan leƙen asiri. Asalinta kuwa laluben abu da hannu don a gano abin da ya ɓuya. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga mai ƙazafi idan bai kawo shaidu huɗu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zazzau tun kakanninmu, ta sa wannan haddi a kan wanda ya jefi wani da luwaɗi. Ashe ke nan yaron da ya ɗauki hoton maƙwabcinsa ya watsa a waya, don kawai ya ga yana rangwaɗa ko yana tuyar waina a tasha, shi ne wanda shari'a za ta fara tambaya ina shaidunsa.

Ku dubi kuma labarin Ma'izu. Da ƙafarsa ya zo ya yi iƙirarin zina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana kau da kai yana mai da shi. Daga baya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya shaida wa Hazzal, wanda ya turo shi, cewa da ya rufa masa asiri da mayafinsa da ya fi masa alheri. Wannan fa mai laifin da ya amsa da bakinsa ke nan, balle wanda ya musa, kuma yana da uwa da ƙanne mata da za su ci gaba da zama a unguwar.