Nesa da Kusa: Siffar Mahalicci a Labaran Halitta na Littafin Farawa

Duk wanda ya buɗe Littafin Farawa, watau littafi na farko a cikin Baibul, zai tarar da labarin halitta har sau biyu a jere. A babi na 1 an fara da haske, sai sararin sama da ƙasa da tsirrai da dabbobi, sannan mutum ya zo daga ƙarshe, namiji da mace tare. A babi na 2 kuwa namiji ne ya fara zuwa, sai gonar Adnin, sai dabbobi, sannan mace. Tun a 1753 wani likita Bafaranshe, Jean Astruc, ya lura cewa sunan Mahalicci ma ya bambanta a wuraren biyu: Elohim a na farko, Yahweh Elohim a na biyu. Tambayar wannan maƙala ita ce: me ya sa aka bar labaran biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma me suke koyarwa game da Allah?

Labari na farko ya nuna Mai iko wanda umarni kaɗai ya ishe shi. Za a fi gane nauyin wannan idan aka kwatanta shi da Enuma Elish, waƙar halitta ta mutanen Babila, wadda George Smith ya buga fassararta a 1876 daga allunan yumɓu na Nineba. A can sai da Marduk ya yi yaƙi da Tiamat, ya tsaga gawarta biyu, kafin a sami sama da ƙasa. Mutum kuma an yi shi da jinin wani abin bauta da aka kashe, domin ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A Littafin Farawa babu yaƙi, babu abokin hamayya. Hatta rana da wata, waɗanda maƙwabtan Ibraniyawa suke bauta wa, ba a ambaci sunansu ba. Fitilu ne kawai da aka rataya a rana ta 4. Sau 7 aka ce abin da aka yi yana da kyau, mutum kuma an yi shi cikin kamannin Mahaliccinsa. Manazarta da yawa suna danganta wannan babi da zamanin da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya. Idan haka ne, to, bayi ne ake gaya wa cewa darajarsu ba ta hannun sarkin da ya ci su da yaƙi.

Labari na biyu ya sauko ƙasa. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita wajen siffanta mutum ita ce ta aikin maginin tukwane, sunan Adamu kuwa ɗan'uwan adamah ne, watau ƙasar noma. Mahalicci a nan yana dasa gona, yana hura numfashi, yana kawo dabbobi mutum ya raɗa musu suna. Shi ne kuma ya fara lura cewa kaɗaici bai dace da mutum ba, tun mutumin bai buɗe baki ya yi kuka ba.

A ganina hikimar tana cikin haɗuwar biyun. Wanda ya riƙi labari na farko kaɗai yana iya ɗaukar iko a matsayin ba da umarni daga nesa, ya kuma fake da izinin mallakar duniya ya yi ta ɓarna a doron ƙasa. Labari na biyu sai ya tuna masa cewa an sa shi a gona ne domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Wanda ya riƙi na biyu kaɗai yana iya ƙasƙantar da Allah ya mai da shi tsaransa. Na farko sai ya tsawata masa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka duk mai riƙe da wani iko, uba ne ko malami ko shugaba, yana da abin dubawa a nan. Idan Mahaliccin da ya rataya taurari bai ga ƙasƙanci ba wajen kula da kaɗaicin mutum guda, to, wane girma ne zai hana ɗan Adam, wanda asalinsa turɓaya ce, sauraron na ƙasa da shi?