Hukuncin Karɓar Kuɗin Inshora Bayan Haɗarin Mota

Tambaya: Ni tela ne. Mota ta buge ni na karye a ƙafa, na yi watanni ban taka keken ɗinki ba. Kamfanin inshorar mai motar ya ce zai biya kuɗin asibiti da abin da na rasa na ɗinki, amma wasu sun ce haram ne. Ina neman haske.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Masu hana ka sun kama gaskiya ta gefe guda. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari: mutum yana zuba kuɗi bai san ko zai samu komai ba. Ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa, amma rinjaye na tare da majalisar.

Sai dai hukuncin nan ya hau kan wanda ya ƙulla ciniki da kamfani. Kai ba ka ƙulla komai ba. Haƙƙinka yana wuyan direban da ya ji maka ciwo, kamfani kuwa biya yake a madadinsa, kamar wanda ya ɗauke wa wani bashi. Shi ma direban dokar Nijeriya ce ta tilasta masa yankar inshorar da ke biyan wanda aka buge, wanda aka tilasta kuwa yana da uzuri.

Kuɗin likita da magani ba sabon zance ba ne. A mazhabarmu Ibnu Arafa ya kyautata a ɗora su kan wanda ya yi raunin idan shari'a ba ta yanke wa raunin diyya sananniya ba. Kuɗin aikin da ya tsaya ne magabata ba su faɗaɗa magana a kai ba. Ina tare da malaman zamani da suka halatta shi, domin shari'a ta wajabta gusar da cuta, muddin asarar tabbatacciya ce. Ka ƙiyasta abin da ka saba samu a wata, kada ka ɗauki cinikin jajibirin Salla ka ce haka kullum yake. Ƙara lamba a rasit, ko haɗa baki da ma'aikacin asibiti, cin haram ne tsantsa, ko da kamfanin na masu kuɗi ne.

Saboda haka ka karɓa, halal ne. In ka tashi yankar taka inshorar, ka nemi kamfanin takaful, akwai su da lasisi a Nijeriya.

Allah ne mafi sani.