DARASI NA 11: MUTUMIN DA AKA SALLAMA ZUWA GIDA

Karatu: Markus 5:1-20. A duba kuma Luka 8:26-39, Matta 4:24, 1 Sarakuna 19:1-8, Galatiyawa 6:1-5.

Mai koyarwa ya sa a karanta labarin duka da murya, sannu a hankali, kafin a fara bayani. Ya tuna kuma, da wuya a sami taron masu bi inda babu wanda wannan zance ya taɓa gidansu. Kada a kama sunan kowa don misali.

Sarƙa da mari

Yawancin masu karanta wannan labari hankalinsu ya kan tafi wajen aladun nan wajen 2,000 da suka ruga cikin teku. Mu dai yau za mu bar aladu mu dubi mutanen garin, gama su ne suka fi kama da mu. Markus ya gaya mana abin da suka yi wa ɗan'uwansu tun Yesu bai haye tekun Galili ba: sun ɗaure shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A cikin Helenanci, watau harshen da aka rubuta Bishara da shi, akwai kalma biyu a aya ta 4, ɗaya ta abin ɗaure jiki, ɗaya ta abin ɗaure ƙafa. Mai juya Littafi zuwa Hausa ba ya shan wahala a nan ko kaɗan, sarƙa da mari ke nan. Akwai kalmomin da mu kan yi kwana uku muna nema. Waɗannan kuwa suna bakin kowa, domin har yanzu ana aiki da su.

Kada mu yi saurin zargin Garasinawa. Mutum ne mai ƙarfi, yana ihu dare da rana, yana tsattsage jikinsa da duwatsu, mata suna tsoron zuwa rijiya, yara ba su barci. Tsoro da gajiya suka sa aka nemo maƙeri. Amma sai mu lura da ƙarshen dabararsu: sarƙar ta tsinke, marin ya karye, mutumin ya ƙare a makabarta. Luka ya ƙara mana cewa ya daɗe rabonsa da tufa, rabonsa da zaman gida.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka buɗe waɗansu irinsa a Daura da Katsina. Galibi iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali. Kada wani mai bi ya ce wannan aikin maƙwabtanmu ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta zaga wurare 28 a jihohi 8 da ƙasar Abuja, ta ba da labari a watan Nuwamba na shekarar nan cewa ta sami ɗaurarru a gidajen masu maganin gargajiya, da na malamai, da wuraren gwamnati, da ɗakunan addu'a na Kirista. Inda a ke kiran sunan Yesu a kan mutum, ƙafarsa kuwa tana ɗaure a jikin ƙarfe, an ɗauki aikin Garasinawa an sa masa sunan Ubangiji.

Aljani ko ciwo?

Markus ya faɗa a fili ƙazamin ruhu ne ya kama wannan mutum, mu ma ba mu da niyyar rage maganarsa. Amma kuskure ne babba a ɗauki labarin nan a shimfiɗa shi bisa kowane mai taɓin hankali. Ku duba Matta 4:24. Sa'ad da Matta ya ke lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ware masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Ashe marubutan Bishara sun san bambanci. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki kamar hanta ko huhu, tana kuwa kamuwa da ciwo. Zazzaɓi mai zafi ya kan ruɗe ta, haka rauni a kai, da wahalar haihuwa, da baƙin ciki mai tsanani, da gado, da ƙwaya.

Annabi Iliya ya kwanta a gindin itace a jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai tsauta masa ba, bai kuma sa shi azumi ba. Ya tashe shi ya ba shi waina da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sāke ba shi abinci. Sai bayan wannan zancen Allah ya zo masa a Horeb. Luka kansa, wanda shi ma ya rubuta mana labarin yau, likita ne, Bulus kuwa bai ji kunyar kiransa da sunan sana'arsa ba. Mai bi da ya sha maganin asibiti bai raina addu'a ba.

Yawan abin

Hukumar ƙididdiga ta Nijeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi sun yi bincike a ƙasa duka, aka buga sakamakonsa a watan Janairu na 2019. Sun sami mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, da suka sha wata ƙwaya cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan irin su tramol da kodin miliyan 4.6. Cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce. Wannan sai zumuntar mata ta riƙe shi. Kusan miliyan 3 kuwa abin ya riga ya zama musu ciwo, ba su iya bari da kansu. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, amma hana sayarwa bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa da aka ƙidaya a ƙasar a shekarun nan ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. A Abuja akwai sashen masu taɓin hankali a Babban Asibitin Karu, ana kuma duba su a Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada. Na tarayya kuwa yana Barnawa a Kaduna. Ko da an ninka gadajensu goma ba za su ɗauki rabin masu bukata ba. Wanda ma ya sami gado, bayan 'yan makonni za a sallame shi. Ina za shi?

Ka koma wurin naka

A nan ne zuciyar darasinmu ta ke. Mutanen gari suka fito suka tarar da shi zaune, saye da riga, hankalinsa ya komo. (Ba a gaya mana wanda ya ba shi rigar ba. Lalle wani daga cikin almajirai ya koma jirgi da kafaɗa a waje.) Ba su yi murna ba, tsoro suka ji, suka roƙi Yesu ya bar ƙasarsu. Mutumin kuwa ya roƙa a tafi da shi. Wa zai ga laifinsa? A can hayin babu wanda ya san tsiraicinsa, babu yaron da zai nuna shi da yatsa. Yesu, wanda ya kira Bitrus da Lawi su bar kome su bi shi, ya hana wannan. Ya komar da shi gida, wurin mutanen da suka ƙera masa mari. Warkarwa ta faru a bakin teku cikin sa'a ɗaya, amma zaman lafiyarsa sai a cikin gari, inda zai ci tuwo da mutane, ya yi aiki, a kira shi da sunansa. Da haka Yesu ya ɗora wa garin kaya, ko suna so ko ba su so.

Masanan lafiya sun iso ga wannan hanya ta wajen gwaji, ɗan Nijeriya kuwa yana cikin na gaba. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatu a Ingila, ya kama aiki a asibitin Aro kusa da Abekuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da dagatan ƙauyukan da ke kewaye, aka saukar da su a gidajen talakawa ana biyan haya. Kowane mara lafiya ya zo da wani nasa, uwa ko ƙanwa ko kawu, mai dafa masa abinci, mai raka shi asibiti da safe, su komo ƙauye da yamma. Aka ga suna saurin samun sauƙi, kuɗin bai kai na kwanciya ba, komawa gida kuma ba ta zama musu baƙon abu ba, gama ba a taɓa raba su da zaman mutane ba. Labarin ƙauyen Aro ya zaga duniya, Lambo kuwa ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ikilisiya ma ta gwada. A 1989 wata Baturiya, Rosalind Colwill, tare da ikilisiyar Methodist suka kafa Amaudo a Itumbauzo, inda ya ke jihar Abia a yau. Ma'anar sunan da harshen Ibo ƙauyen salama. Su kan ɗauko masu taɓin hankali daga bakin hanya da kasuwa, ma'aikata su zauna da su wuri ɗaya, su ci abinci ɗaya, a ba su magani, a koya musu sana'a, sa'an nan a nemo danginsu a komar da su. Dokar ƙasa ta biyo baya a makare: a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ta fi kula da tsare mutum. Sabuwar ta ba mara lafiya hakkin a nemi yardarsa, a kuma kiyaye mutuncinsa.

To, ga wuyar Abuja. Birni ne na baƙi. Sai a watan Disamba na 1991 gwamnati ta ƙaura zuwa cikinsa. In ka ɗebe Gbagyi da sauran 'yan ƙasa, yawancin mazauna Nyanya da Karu da Kubwa da Mpape da Lugbe gidajen iyayensu suna nesa, tafiyar wuni ko fiye. Saurayi ya zo daga Zonkwa ko Biliri ko Zuru yana leburanci ko tuƙin keke, abokin aiki ya ba shi tramol don ya jure gajiya, ƙwaya ɗaya ta zama biyar. Ran da asibiti ya ce masa ya koma wurin nasa, su wane ne nasa? Ɗakin haya ne na mutum shida, mai sayar da ƙwayar kuwa yana bakin lungu. In ikilisiyar da ya ke zuwa ba ta zama masa dangi ba, ba shi da kowa.

Aikin da ya rataya a kanmu

Mu ba likitoci ba ne, kada mu yi kamar mu ne. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, in an yanke masa farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku ya kan kama rawar jiki da gane-gane da farfaɗiya, har ta kai ga mutuwa. Irin wannan wurinsa asibiti, ba ɗakin fasto ba. Mai barin tramol ko kodin ya kan sha ciwon gaɓoɓi da zawo da gumi da rashin barci wajen mako guda, akwai kuwa maganin rage wahalar. Wanda aka tsare wata uku bai sha ba, jikinsa ya manta da ƙwayar. In ya koma ya sha yawan da ya saba, tana iya kashe shi. Wannan ma wani laifin gidan mari ne. Wanda kuma ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Hukumar NDLEA ta buɗe layin waya na ba da shawara dare da rana a 2022.

Abin da ya rage kuwa namu ne, shi ne kuma mai tsawo. A sami mutum biyu ko uku, maza ga namiji, mata ga mace, waɗanda za su raka shi ranar ganin likita, su riƙe ranar allurarsa in yana karɓar ta wata-wata. Kuɗin mota daga Mpape zuwa Karu ya isa ya hana mutum magani. Baikon ikilisiya ya iya ɗaukar wannan. Kada kowa ya ce masa ya zubar da magani don ya nuna bangaskiya. Mun san inda irin wannan shawara ta kan ƙare, mai ba da ita kuwa ba ya nan ran da ciwon ya komo. A nema masa aikin hannu wurin kafinta ko tela na cikinmu, gama zaman banza abokin mai sayar da ƙwaya ne. A kula da matarsa ko uwarsa, wadda ta fi kowa gajiya. Asirinsa kuma kada ya zama abin roƙon addu'a a gaban jama'a sai da yardarsa.

Zai yiwu ya sāke faɗuwa. Yawancin masu barin shaye-shaye su kan faɗi fiye da sau ɗaya kafin su tsaya. A nan dattawa su ke bukatar hikima. Bulus ya umurci Galatiyawa su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, kalmar da ya zaɓa kuwa ita ce Markus ya yi aiki da ita wajen masunta masu gyaran taru. Ba a yar da taru don ya yage. Wannan bai hana horo ba, bai kuma ce a ba mashayi kuɗi a hannu ko a rufe satarsa ba. Amma horon da ya kore shi daga ƙofa ya mai da shi makabarta.

Mutumin ya yi biyayya, ya zaga Dikafolis, watau garuruwa goma, yana ba da labari. A Markus 7:31-32 Yesu ya sāke biyowa ta ƙasar nan da aka roƙe shi ya bari, sai ga mutanenta sun kawo masa wani kurma suna roƙo ya ɗora masa hannu.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen garin suka ji tsoro sa'ad da suka ga mutumin cikin hankalinsa?

2. Ina asibiti mafi kusa da ikilisiyarku inda a ke duba masu taɓin hankali, wace rana ce kuma a ke ganin likita? In babu wanda ya sani, a zaɓi mutum biyu su bincika kafin Lahadi mai zuwa.

3. In wani ɗan ikilisiya ya fito daga asibiti gobe, ba shi da dangi a garin, a gidan wa zai kwana?

Karatun mako mai zuwa: Markus 5:21-43.