Yaron da Aka Sayar a Kukawa

In za a ba mutum aiki, akan duba asalinsa, da iliminsa, da abin hannunsa. To, don me Allah ba ya bin wannan ma'auni? Ya ɗauko Dawuda daga bayan tumaki, Amos daga kiwo, Bitrus daga bakin taru. A 2 Sarakuna sura 5, wata 'yar baiwa ce, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, ta nuna wa Na'aman sarkin yaƙi inda zai sami warkewa.

Tarihin Bishara da Hausa ma haka yake. An haifi Dorugu wajen 1840 a ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, ya zama bawa a Borno. Wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi a Kukawa. Da Overweg ya rasu a 1852, yaron ya bi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, har Tambutu. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai tare da abokinsa Abbega.

A Ingila ya zauna wurin Schön, ɗan mishan na CMS, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Abin da malamin ya rasa, yaron yana da shi: Hausar da ya sha a nono. Schön yana tambaya, Dorugu yana faɗi, ana rubutawa. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. Sai a 1932 aka sami Littafi Mai Tsarki dukansa, amma an fara aza tubalin tun wancan zaman.

Wani zai ce, ashe bautar ta yi amfani ke nan? Ko kaɗan. Sayar da yaro mugunta ce, kuma Allah bai halatta ta ba. Amma kamar yadda ya faru da Yusufu a Masar, muguntar mutane ba ta iya rufe wa Allah hanya. Bulus ya ba da dalili a 1 Korantiyawa sura 1: Allah yakan zaɓi waɗanda duniya ta rena domin kada kowa ya yi fahariya a gabansa. In mai ƙarfi ya yi aiki, a yabi ƙarfinsa. In rarrauna ya yi, sai a tambayi wanda ya aiko shi.

Wannan magana ta shafi ikilisiya a yau. Fatake masu bin hanyar goro ta Gwanja sun bar Hausa a zangunan arewacin Togo, har Sokode da Dapaong. Manomi mai bi a Mandouri, wanda bai taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, yana iya yi wa maƙwabcinsa magana da harshen da zai ji, abin da baƙo mai digiri zai yi shekaru bai iya ba. Kada ya ce shi ba kowa ba ne. Kada kuma dattawan ikilisiya su hana shi don ba shi da takarda. Ilimi yana da kyau, a neme shi, amma ba shi ne kira ba.

Sunan Schön ne a kan littattafan. Dorugu ya koma Afirka, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, Kano, ya rasu a 1912. Ubangijin girbi kuwa ya san kowane ma'aikaci da sunansa.